Maganin karkarwar injin sassaƙa ƙarfe yana cikin laitar gas

Duk wanda ya san unguwar Briketeri da ke birnin Yawunde ya san ta da teloli da masu tsire da babban masallaci. Amma idan sandar keken ɗinki ta cinye, ko ta injin niƙa, kuma aka rasa sabuwa a kasuwa, wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ake nufa, wato wanda ake kira turnar da Faransanci. Injin nasa juya ƙarfe yake yi da gudu, wuƙa tana feraye shi har ya kai awon da ake so.

Babbar matsalar wannan sana'a ita ce karkarwa, wadda ke sa injin ya riƙa kuka mai tsinka kunne. Yadda abin yake shi ne, wuƙa takan ɗan girgiza ta bar tudu da kwari a jikin ƙarfen, da ya zagayo sai ta hau kan tudun ta ƙara girgiza, haka abin zai yi ta ninkuwa. Tun a shekarun 1950 wasu masana biyu, Tobias a Ingila da Tlusty a birnin Prague, suka bayyana wannan. Asarar kuwa mai kaya ne ke ɗauka, domin sandar da ta fito da kaushi takan cinye boris da wuri, tela ya sake biya, wataƙila ma ana daf da Sallah.

Ana iya magance wannan da wani abu da mu ma muke riƙe da shi kullum. A 1880 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano a Faris cewa idan aka matse wasu duwatsu irin su kwaz sukan fitar da lantarki. A 1881 suka tabbatar da akasin haka: a ba dutsen lantarki, sai ya miƙe ko ya tsuke. Na farkon shi ne tartsatsin da laitar gas ke bayarwa idan an latsa ta. Na biyun ake amfani da shi a injin sassaƙa.

Ana jera faifai siraran tangaran na musamman, mai suna PZT, a bayan wuƙa. Jeri mai tsawon milimita 20 miƙewarsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma yana iya yin ta sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Wata 'yar na'ura tana sauraron girgizar, kwamfuta ta umarci jerin ya tura wuƙar ta ɓangaren da zai kashe ta. Makanikai ma sun san danginsa, domin tun farkon shekarun 2000 ake sa shi a bututun fesa mai na wasu motocin dizal.

To sai dai a ganinmu ba wannan ne abin da turnar na unguwa zai fara nema ba. Na'urar tana da tsada, tana son wuta tsayayya, kuma ba ta gyara injin da boris ɗinsa ya yi sako-sako. Kafin a kai can, a ɗaure injin da ƙusa a kan daɓen siminti, a tokare dogon ƙarfe ta ɗaya ƙarshen, a sauya gudun injin da zarar kuka ya fara. Sandar wuƙar huda rami kuwa, in ta ƙarfe ce, kada ta leƙo fiye da ninki 4 na kaurinta.