Gargaɗi ga masu babura: kada a kashe ƙarar tafet da ƙarfin tsiya

Akwai buƙatar da kanikawan babura a Kafanchan suka saba ji daga bakin 'yan acaba: "Oga, kashe mini ƙarar nan." Ana nufin tak-tak ɗin da ke fitowa daga kan injin, wato ƙarar tafet. Wani bakaniken, don ya faranta wa mai babur, sai ya murɗe sukurun tafet ɗin har injin ya yi tsit. Mai babur ya biya ya tafi yana murna, alhali ya sayi wahala da kuɗinsa.

Injin Bajaj Boxer, TVS, Haojue da ƙananan baburan da ake kira roba-roba galibi yana da bawul biyu. Ɗaya na shigar da iska da fetur, ɗayan na fitar da hayaƙi zuwa salansa. Tsakanin kan kowane bawul da sukurun da ke danna shi akwai 'yar tazara da masu ƙera injin suka bari da gangan, domin ƙarfe na miƙewa idan ya ɗauki zafi. A irin waɗannan babura tazarar galibi tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10. Ainihin adadin yana cikin littafin da ya zo da babur, kuma a wasu injuna na shiga da na fita ba ɗaya ba ne. Masu tsohon AX100 kuwa su huta, injinsu ba shi da tafet sam.

Idan tazarar ta yi yawa, injin zai yi ƙara, ƙarfinsa ya ɗan ragu. Abin haushi ne, amma da sauƙi. Inda haɗarin yake shi ne idan ta yi kaɗan. Bawul ɗin hayaƙi yana huce zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In an matse shi ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakinsa. Babur ɗin da ya ɗauko buhunan citta daga Kwoi ko Kachia, ko yake hawa da gangara da fasinja biyu a gindin dutsen Kagoro, shi ya fi saurin faɗa wa wannan. Alamomin su ne wuyar tashi da safe, kik ya yi sako-sako, injin ya riƙa mutuwa idan ya yi zafi an sassauta totur, ga shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan na ƙarshe kaɗai ya isa dalili.

A sani kuma tazarar na iya rufewa da kanta. Ƙurar hunturu da ta tsallake lalatacciyar matatar iska tana cin bakin bawul, ya nutse ciki, ratar ta ragu. Don haka injin da ya daina ƙara ba tare da an taɓa shi ba ya cancanci bincike.

Mai son yin aikin a gida, sharaɗi na farko shi ne injin ya kwana a kashe. Awon da aka yi da zafi ƙarya ne. A goge ƙasa daga kan injin kafin a buɗe murafen tafet, a cire fulogi, sannan a buɗe ƙananan murafe biyu na ɓangaren maganeto. A juya notin tsakiya a hankali har alamar T ta daidaita da tsagar da ke jikin murfi. Kada a ruɗe da F da ke kusa da ita, wannan ta wuta ce. A nan mutane da yawa ke ɓata aiki: T tana zuwa sau biyu kafin injin ya kammala zagayensa. A girgiza roka biyun, wato ƙarafan da sukuran ke jikinsu, da yatsa. In suna ɗan motsi, an dace. In sun ƙage, a ƙara juyi ɗaya cikakke.

Sai a zura fila geji, wato siraran ƙarafan awon nan masu lamba. Ya kamata ya shige da 'yar turjiya. In bai yi ba, a sassauta notin kulle, a juya sukurun kaɗan-kaɗan, a riƙe shi yayin ɗaure notin, sannan a sake aunawa, domin ɗaurin kan gusar da saitin. Dabarar awo da reza da wasu ke yi ban yarda da ita ba. Kaurin reza ya kai kusan milimita 0.10, ninkin abin da injin mai 0.05 ke buƙata. Murafen kuma kada a ɗaure su da ƙarfi, zaren alminiyom ba ya jurewa.

Idan an saita daidai kuma ƙarar na nan, matsalar na iya zama ta taimin cen ko roka da ta cinye, wannan aikin bakanike ne. In ka kai masa, ka bar babur ɗin ya huce tukuna, ka kuma nemi ya nuna maka fila gejin da zai yi awon da shi.