Tsohon Jirgin Ƙasa Mai Hawan Dutse a Indiya

Jama'a, a wannan wata za mu leƙa ƙasar Indiya. A arewa maso gabashin ƙasar akwai wani gari mai suna Darjilin. Garin yana kan duwatsun Himalaya. Wuri ne mai sanyi, kuma ana noman ganyen shayi sosai a can.

A shekarar 1881 aka gama shimfiɗa layin dogo zuwa wannan gari. Tsawonsa kilomita 88 ne. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan dogon ƙafa 2 ne kawai. Saboda haka jirgin ƙarami ne ƙwarai.

Abin da ke jawo baƙi shi ne tsofaffin kawunan jirgin. An ƙera yawancinsu a Birtaniya, kuma wasu sun haura shekara 100. Ba sa shan man dizal. Kwal ake zuba musu a wuta. Wutar ta tafasa ruwa, ruwan ya zama tururi, tururin ya tura ƙafafun jirgi.

To, yaya jirgi ke hawan dutse? Maginan sun yi dabara biyu. A wasu wurare dogon yakan yi zobe, ya kewayo ya bi ta saman kansa. A wasu wuraren kuma jirgi yakan yi gaba, ya dawo da baya a kan wani layi na sama, sannan ya sake yin gaba. Da haka yake hawa sannu a hankali. Idan dogo ya yi santsi, ma'aikata sukan zauna a goshin jirgi suna barbaɗa yashi don kada ƙafafun su zame.

Tasha mafi tudu ita ce Gum, mai tsayin mita 2,258. Kusa da ita, idan gari ya washe, ana hango Kancenjanga, dutse na uku mafi tsayi a duniya.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa wannan layi cikin kayan tarihi na duniya. Yanzu kawunan dizal ne ke yin doguwar tafiya. Masu tururi sukan kai 'yan yawon buɗe ido daga Darjilin zuwa Gum su dawo. Masu shaguna da masu masauki suna samun abinci ta wannan hanya. Da damina ƙasa takan zaftare ta lalata dogon, amma akan gyara shi.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan ƙaramin jirgi. Yana tashi daga Zariya, ya hau tudun Jos har Bukuru, ya ɗauko kuza. Ya isa Bukuru a 1914, aka rufe layin a 1957.

Wannan ya nuna mana cewa tsohon abu idan aka kula da shi yana iya zama hanyar arziki. Mu riƙa adana kayan tarihin garuruwanmu. Ku tambayi dattawanku ko sun san labarin wancan jirgi, ku rubuta abin da suka faɗa muku.