Fiton Walƙiya: Yadda Sauraro Ya Tona Asirin Sararin Samaniya

Manufar wannan maƙala ita ce bayanin wani fito da masana kimiyya su ka daɗe suna ji a cikin na'urorinsu, da kuma yadda bin diddiginsa ya rushe zaton da a ke yi cewa babu kome a sarari da zarar an wuce iskar duniya.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Barkhausen yana aikin satar sauraron wayar tarhon abokan gaba. Sai ya riƙa jin wani sauti mai kama da fito, wanda kan fara da siririyar murya, ya gangaro zuwa kakkaura, ya ɓace a cikin kamar daƙiƙa guda. Ya buga labarin a 1919. Wannan fito fa ba ƙara ce da kunne zai ɗauka kai tsaye ba. Igiyar rediyo ce, sai an tare ta da waya, an kuma juya ta ta zama sauti.

Tun da wuri an lura cewa fiton yana da alaƙa da walƙiya, domin duk sa'ad da aradu ta faɗi, ta kan watsa igiyoyin rediyo iri-iri a lokaci guda, shi ya sa akwatin rediyo kan yi ƙarar ƙaras-ƙaras da damina. To, amma me ya ke jan wannan gajeriyar ƙara har ta zama dogon fito? A 1953 ne L. R. O. Storey, ɗalibi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya warware matsalar. Duniya tana da maganaɗisu, kuma layukan ƙarfinsa sun fito daga wani sashe nata, sun yi baka can cikin sarari, sun sauka a ɗaya sashen. Storey ya nuna cewa wani ɓangare na igiyar walƙiya kan bi waɗannan layuka, ya yi tafiyar dubban kilomita daga kudancin duniya zuwa arewaci, ko daga arewa zuwa kudu. A kan hanya siraran muryoyi sun fi kaurara sauri, saboda haka su su ke fara isowa, sauran su biyo baya a jere. Wannan jeri shi ne fiton.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan rarrabuwa ba ta yiwuwa a fanko. Dole sai igiyar ta ratsa filasma, watau iskar da ƙwayoyinta su ka rabu gida biyu, masu ɗauke da lantarki. Daga tsawon fiton Storey ya ƙididdige cewa akwai ɗaruruwan ilektaron a kowane santimita kiyubik, a nisan da a ke zaton babu kome. Ya cimma haka yana ƙasa, shekara huɗu kafin a harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, kuma lalle wannan ya cancanci a yi masa jinjina fiye da yadda littattafan makaranta su ke yi.

Bayansa, Donald Carpenter na Jami'ar Stanford a Amurka ya tara fito masu yawa, har a 1963 ya nuna cewa filasmar nan tana da iyaka, inda yawanta kan ragu farat ɗaya, a nisan kamar ninki huɗu na rabin faɗin duniya. Ita wannan iyaka ta kan matso kusa idan rana ta yi bore. A ƙasashen da ke dab da tsakiyar maganaɗisun duniya, kamar ƙasar Hausa, da wuya a ji fiton duk da yawan tsawa, domin layukan da ke nan gajeru ne, ba su kai can sama ba.

Ilmin bai tsaya ga duniyarmu ba. Da kumbon Voyager 1 ya wuce ta kusa da Mushtari a watan Maris na 1979, na'urar Donald Gurnett na Jami'ar Iowa da abokan aikinsa ta ɗauko irin wannan fito, ya zama hujjar cewa a can ma ana walƙiya.

Sai dai amfanin binciken ya fi bayyana ga wata igiya 'yar'uwar fito, wadda ba walƙiya ke haifar da ita ba, filasmar ce da kanta. Kukanta ya yi kama da hayaniyar tsuntsaye da asuba. A 1958 James Van Allen ya gano cewa wasu ƙwayoyi masu ƙarfin gaske sun yi wa duniya ɗamara, amma an daɗe ana gardama a kan inda su ke samun ƙarfinsu. Kumbo biyu da hukumar NASA ta harba a 2012, su ka yi aiki har 2019, sun tabbatar da cewa a cikin ɗamarar a ke ƙara wa ilektaron ƙarfi, kuma wannan igiya ce ke ingiza su, har gudunsu ya kusanci na haske. Irin waɗannan ƙwayoyi kan huda jikin tauraron ɗan'adam, su taru a ciki, su haddasa tartsatsi. Su a ka ɗora wa alhakin abin da ya sami taurarin Kanada biyu, Anik E1 da Anik E2, a watan Janairu na 1994, inda shirye-shiryen talabijin da wayar tarho su ka katse a sassan ƙasar. An farfaɗo da na farko cikin sa'o'i, na biyu kuwa sai bayan kimanin wata biyar. Saboda haka masu hasashen yanayin sararin samaniya su ke sanya ƙarfin waɗannan igiyoyi a cikin lissafinsu, don su gargaɗi masu taurari kafin ɗamarar ta cika.