Maniyyata Kada Ku Cire Layin Gida

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga maniyyata aikin Hajji, musamman 'yan'uwana manoma da 'yan tireda.

Da yawa da sun sauka Jidda ko Madina sai su cire layin gida su sa na STC ko Mobily. Alhali saƙon banki da lambar sirrin tura kuɗi duk ta layin gida suke shigowa. Ga Hajji yanzu a farkon damina yake faɗowa, iyali na jiran kuɗin taki, mutum ya kasa turawa.

Shawarata, Alhaji, ka nemi waya mai layi biyu. Tun kana gida ka je ofishin kamfanin layinka a buɗe maka romin, wato layin ya yi aiki a ƙasar waje, ka bar kati a ciki. In ka isa, layin Saudiyya ya riƙe data, na gida ka kashe masa, don datar romin wuta ce. Ko amsa kira ma sai an caje ka, gara ka katse ka kira ta WhatsApp. Shi kuma WhatsApp, ko ya tambaye ka, kar ka canza masa lambar gida.

Naka,
Wani manomi, Funtuwa.