Yadda Za A Kare Lambun Gida Daga Ɓarnar Zomo Da Gada Da Kyanwa

A shekarar 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi kira ga kowane magidanci, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, da ya nome ɗan filin da ke bayan gidansa. Shirin ya daɗe da wucewa, amma al'adar ta zauna. Har yanzu a gefen garuruwa da barikoki da makarantun kwana za ka tarar da lambunan alayyafo da latas da kabeji da tumatir, waɗanda ke rage wa iyali kuɗin cefane. Sai dai kuma sau da yawa mutum yakan sha wahalar gyaran ƙasa da ban ruwa har mako shida, ran nan ya wayi gari ya tarar an aske masa fangali guda a dare ɗaya. Daga nan waɗansu sukan yi zuciya su bar lambun, waɗansu kuwa su nufi kasuwa neman guba. Dukansu biyu sun yi kuskure. Kowace dabba tana da hanyar da take shiga lambu, in aka gane dabbar aka toshe hanyar, ɓarna ta ƙare.

Abin lura shi ne ɓarnar ta fi tsanani da rani, daga watan Janairu zuwa Afrilu. A lokacin nan ciyawa ta bushe, gobara ta cinye daji, lambun da ake yi wa ban ruwa shi kaɗai ne kore a unguwar. Dabbar da ba ta kusantar gida da damina, yunwa za ta kawo ta har bakin rijiya.

A fara gane ɓarawon

Kada a kashe ko kwabo sai an tabbatar da wace dabba ce ke zuwa. Hanyar kuwa mai sauƙi ce. Da magariba a share ƙasar da ke kewaye da fangalin, a yayyafa mata ruwa, ko kuma a barbaɗa toka mai laushi. Da asuba a duba sawu, a kuma duba irin cizon da aka yi wa shukar.

Zomo yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, masu kaifi kamar kurfi. Saboda haka yankansa a karkace yake, sumul, sai ka ce da wuƙa aka yi. Ya fi son tsiro ɗanye na wake da karas da latas da kabeji, kuma ɓarnarsa ba ta cika wuce tsayin gwiwa ba. Kashinsa ƙwala-ƙwala ne, busasshe, cike da ɓurɓushin ciyawa. Ita kuwa gada, da mazo da barewa, ba su da haƙoran gaba a sama, kamar dai akuya da tunkiya. Sukan danne ganye su fizge, don haka bakin abin da suka ci yakan fito a yayyage. Sawunsu kofato ne mai tsaga biyu, ƙarami, mai tsini. Sawun kyanwa yatsu huɗu ne babu alamar farce, domin takan janye faratanta in tana tafiya. In an ga farce a sawun, to kare ne. Wanda ya tarar an gutsure karan masara ko rake daga gindi an bar guntaye a tare, ya nemi gyazbi. Wanda ya ga an tone gyaɗa ko dankali, ya tuhumi gafiya ko kurege.

Zomo

Zomo iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da amfani ga mai lambu. Zomon daji na ƙasarmu ba ya haƙa rami. Yakan kwanta da rana a cikin ciyawa ko gindin kurmi, ya fito kiwo da dare. Zomon gida wanda ake kiwo a keji asalinsa daga Turai ne, shi kuwa gwanin haƙa ne, kuma mace takan haihu bayan kwana 31 kacal da ɗaukar ciki. In ya kuɓuce daga keji ya fi na daji ɓarna nesa ba kusa ba.

Maganin dukansu shi ne ragar waya, irin wadda ake yi wa kaji ɗaki da ita. A zaɓi mai ƙananan idanu, waɗanda faɗinsu bai wuce santimita 2 da rabi ba, domin ɗan zomo yakan ratsa mai manyan idanu. Tsayinta daga ƙasa ya kai mita 1. Sa'an nan, wannan shi ne abin da yawancin mutane ke mantawa, lalle a binne gindinta. A haƙa ɗan kwari mai zurfin santimita 15 zuwa 30, a lanƙwasa bakin ragar ya fuskanci waje, watau ɓangaren da dabbar ke fitowa, a mayar da ƙasa a daddanne. Duk abin da ya zo haƙa a gindin shinge zai ci karo da waya ya haƙura. Lambu mai mita 10 a kowane gefe yana bukatar raga mita 40, da dirkoki 20 in an kafa su mita bibbiyu. A nemi icen da gara ba ta cika ci ba, kamar ƙirya ko maƙarfo, ko a yi amfani da ƙarfe. Dashen mangwaro da lemo da gwaiba kuwa, a kewaye kowane ɗaya da ragarsa, don zomo yakan ɓare ɓawon ƙaramin itace da rani, in ya zagaye shi kaf itacen ya mutu.

A kafa shingen kafin a yi shuka. Abin da ya faru a ƙasar Ostareliya ya isa misali. A 1859 wani mai gona ya saki zomayen Turai 24 don ya riƙa farautarsu. Suka hayayyafa har suka addabi ƙasar, gwamnatin yammacin ƙasar ta shiga kafa shingen waya daga 1901 zuwa 1907, wanda tsawonsa duka ya haura kilomita 3,000. Amma kafin a gama na fari an riga an ga zomaye a bayansa, tilas aka sake kafa wani.

Gada da danginta

Dabbar nan mai ƙaho reshe-reshe wadda masu lambu ke kuka da ita a Ingila da Amurka, har sukan yi mata shinge mai tsayin kusan mita 2 da rabi, babu ita a dajinmu. Namu su ne gada da mazo, sai barewa can arewa, ita ma ta yi ƙaranci ƙwarai. Wanda lambunsa ke tsakiyar birni ba zai gan su ba. Amma wanda ke bakin fadama, ko gefen kurmi, ko kusa da gandun daji na gwamnati, ya san gada sarai: ganyen wake da na dankali da rogo da kuɓewa duk abincinta ne.

Gada ƙaramar dabba ce, tsayinta a kafaɗa bai fi rabin mita da 'yan kai ba, kuma ta fi son kutsawa ta ƙarƙashi a kan tsallakewa. Saboda haka ragar da aka binne don zomo ta riga ta yi rabin aikin. Abin da ya rage shi ne a ƙara tsayi. Inda mazo ke zuwa, shinge ya kai mita 2, domin shi gwanin tsalle ne. Ba dole ba ne a sayi raga har sama. Ana iya ɗaura zana ko darnin kara a bisa ragar. Har ma shingen da ba a hango abin da ke bayansa ya fi tsare su, gama dabba ba ta son faɗawa inda ba ta ga wurin sauka ba.

Gaskiyar magana ita ce, a yawancin wurare akuyar maƙwabci ta fi gada ɓarna sau goma, kuma sau da yawa ita ce ake ɗora wa gada laifinta, tun da cizonsu iri ɗaya ne. Shingen da ya tsare gada zai tsare akuya, ya kuma hana rigimar da kan kai maƙwabta gaban mai unguwa ko alƙali.

Wanda ba shi da halin sayen waya kada ya ce ba shi da mafita. Kakanninmu sun tsare garka da ƙayar magarya da sarƙaƙiya da bagaruwa, a jibge ta da kauri a gindin darni. Mafi ɗorewa kuma shi ne shinge mai rai. A arewa ana dasa aguwa da bini-da-zugu, waɗanda dabbobi ba sa ci. A ƙasar Jos an daɗe ana kewaye gonaki da ƙerana. Lalle ma yana yin shinge mai kyau in an dasa shi kusa-kusa ana rage masa kai. Amma a kula: 'ya'yan bini-da-zugu guba ne ga yara, ruwan ƙerana kuma yana ƙona ido, saboda haka ba su dace da tsakar gidan da ƙananan yara ke wasa ba. Kada a yi shinge da zogale kawai, don shi gayyatar awaki yake yi. Kuma shinge mai rai yakan ɗauki damina biyu ko uku kafin ya haɗe, tilas a tallafa masa da ƙaya kafin nan.

Ko wane irin shinge aka yi, a riƙa zagaya shi sau ɗaya a mako, musamman bayan ruwan sama da iska. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duba ƙofa fiye da ko'ina, domin a nan ne aka fi barin rata a ƙasa, kuma a nan ne yaran da aka aika ɗebo ganye ke mantawa su rufe.

Kyanwa

Al'amarin kyanwa daban ne. Ba ta cin kabeji, kuma babu shingen da zai hana ta hawa. Abin da ke kawo ta shi ne ƙasa mai laushi, busasshiya, inda za ta tona ta yi kashi ta rufe, kuma fangalin da aka gama gyarawa aka zuba iri shi ne daidai bukatarta. Asarar iri ƙaramin abu ne. Abin tsoro shi ne kashinta yana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta da likitoci ke kira toksoplasma, wadda ke iya rayuwa a ƙasa mai laima wata da watanni. Yawancin masu lafiya ba sa ma sanin ta kama su, amma in ta kama mace mai ciki tana iya jawo ɓari, ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Don haka mai juna biyu kada ta taɓa ƙasar lambu da hannu tsirara, kuma kada ita ce za ta kwashe kashin kyanwa. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan aikin lambu, a kuma wanke latas da karas da duk abin da ake ci ɗanye da ruwa mai tsabta. Kashin kyanwa da na kare ba taki ba ne. A kwashe da shebur a binne nesa da fangali.

Duk da haka kada a kashe ta, kada kuma a kore ta daga gida. Ita ce ke rage ɓera, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Abin da ake so shi ne fangali ya daina yi mata daɗi. A shimfiɗa ragar waya a kwance bisa ƙasar da aka shuka, tsiro zai fito ta cikin idanunta amma tono ba zai yiwu ba. In babu raga a jera rassan ƙaya, ko a kakkafa 'yan tsinkaye tsakanin shuke-shuke. A yi ban ruwa da yamma, gama ba ta son jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sa'an nan a zuba mata tulin rairayi a wani lungu nesa da lambu da rijiya, za ta koma can da kanta. Da zarar ganye ya rufe ƙasa matsalar ta wuce.

Abubuwan kora, da abin da aka hana

Ana jiƙa dakakken barkono a ruwa, a tace, a ɗiga ɗan sabulu a fesa wa shuka. Yajinsa yana damun zomo da gada, amma tsuntsu ba ya jin sa ko kaɗan. Ruwan da aka kaɗa baragurbi a ciki yana korar dabbobi masu kofato saboda warinsa. A fesa shi a jikin shinge da ƙananan itatuwa, ban da ganyen da za a ci. Waɗannan duka taimako ne na 'yan kwanaki, ruwan sama ɗaya ya wanke su. Mutum-mutumi da gwangwanaye masu ƙara su ma haka: mako guda dabba ta saba da su, sai fa in ana sauya musu wuri. Kare mai kwana a bakin lambu ya fi su duka.

Guba kuwa, a guje ta ɗungum. Maganin ƙwari da aka zuba a abinci don zomo, kaza ce za ta fara ci, ko akuya, ko yaro. Naman dabbar da guba ta kashe yana iya ƙarewa a tukunyar wani. Gammalin 20, wanda aka yi ta wannan ɓarna da shi a shekarun baya, sinadarinsa ya shiga jerin waɗanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta hana amfani da su a gona tun 2009. Ƙwayoyin kafur na cikin akwatin tufafi, waɗanda waɗansu ke watsawa don korar kyanwa, yara sukan ɗauka alewa ce, kuma suna iya jawo wa jariri shawara mai tsanani. Tarkon waya ba ya zaɓe. Abin da ya bi ta wurin shi zai shaƙe. Banka wa daji wuta don fitar da zomo kuwa yana ƙara koro sauran dabbobi zuwa lambu ne kawai, ban da asarar gonaki da rumbuna.

A tuna kuma namun daji suna ƙarƙashin doka. Akwai Dokar Namun Daji ta 1963 ta tsohuwar Jihar Arewa, da dokar Tarayya mai lamba 11 ta 1985 wadda aka kafa don kare dabbobin da ke neman ƙarewa, ban da dokokin jihohi. Wanda mazo ko barewa ta matsa wa lambunsa, ya kai ƙara ofishin gandun daji mafi kusa. Game da irin ragar da ta dace, ko inda za a samu dashen shinge, a tuntuɓi malamin gona na ƙaramar hukuma, zai fi kyau tun kafin kaka ta ƙare, don a gama shinge kafin a fara noman rani.