Me ya sa ilimin sana'a a jami'o'i ke buƙatar ƙwarewar kwamfuta?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko Ɗambatta zai ga gonaki manne da juna, da ƙyar ake samun fili a banza. Gonar da ta ciyar da uba da iyalinsa, idan aka raba ta gado, ba ta isar kowa. Shi ya sa matasan yankin ke neman sana'ar hannu su haɗa da noma.

Sai dai sana'o'in sun sauya. Motar zamani tana ɗauke da kwamfuta, kuma bakanike ba ya gane ciwonta sai ya jona na'urar bincike ya karanta abin da ta nuna. Manomin rani a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, idan ya koma famfon sola, yana buƙatar mai iya lissafa yawan farantan da za su ɗauki famfon. Zanen gini ma ya koma kan manhajoji irin su AutoCAD.

A nan ne jami'a ta shigo. Masu digirin koyar da fasaha su ne ke zama malamai a makarantun sana'a da kuma wurare irin Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Bichi. Malamin da bai taɓa riƙe na'urar binciken mota ba, ba zai koyar da ita ba, kuma ɗalibansa za su fito da takarda amma kasuwa ta wuce su.

Akwai ƙofa a buɗe. A watan Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu wadda ta tsara kashi 70 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil na iya amfani da wannan kaso wajen koyar da aikin sola, da zane da kwamfuta, da gyaran na'urorin ban ruwa.

Amma manhaja kaɗai ba ta isa ba. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, duk da haka ɗalibai da dama daga karkara ba sa taɓa kwamfuta sai jarrabawar ta ƙarato. Irin waɗannan suna buƙatar ɗakin aiki mai tsayayyar wuta, da na'urorin da za su ishi kowa, da malaman da aka sake horarwa, waɗanda duk fannoni ne da asusun TETFund ke tallafawa.

Don haka uban da zai biya wa ɗansa kuɗin karatun fasaha, ya kamata ya tambaya: sau nawa a mako ɗalibi ke kama aiki da hannunsa, kuma da wace na'ura?