Maganin mura na ganye: Yadda zai iya kayar da ɗan wasa a gwajin ƙwayoyi

Da zarar hunturu ya kama, mura da tari da toshewar hanci sukan addabi jama'a, har da 'yan wasa. Da yawa daga cikinsu sukan guji maganin asibiti su koma ga na ganye, bisa zaton cewa abin da ya fito daga tsiro ba zai jawo musu matsala a gwajin fitsari ba. Wannan zato na iya raba ɗan wasa da lambar yabonsa.

Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari ta Duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999, tana fitar da jerin abubuwan da ta haramta, kuma sabon jerin yana fara aiki ne a ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Jerin yana duba sinadari ne, ba ruwansa da ko daga masana'anta ya fito ko daga jeji.

Misali mafi shahara shi ne tsiron ephedra, wanda 'yan China ke kira ma huang, kuma sun daɗe suna maganin mura da asma da shi. Yana ɗauke da sinadaran ephedrine da pseudoephedrine, masu buɗe hanci da hanyoyin numfashi, amma kuma suna ƙara bugun zuciya tare da kore gajiya. Saboda haka WADA ta hana su a lokacin gasa. Idan ephedrine ya haura maikurogiram 10 a kowace mililita ta fitsari, ko pseudoephedrine ya haura 150, to ɗan wasa ya faɗi gwaji. Akwai kuma higenamine, da ake samu a wasu tsirran Asiya, wanda shi haramun ne a kowane lokaci.

Tarihi ya nuna tsananin wannan doka. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, an ƙwace lambar zinare daga Andreea Raducan, 'yar Romaniya mai shekara 16, bayan ta sha maganin mura mai pseudoephedrine da likitan tawagarta ya ba ta. A gasar cin kofin duniya ta 1994 kuwa, ephedrine aka samu a fitsarin Diego Maradona bayan wasan Ajantina da Najeriya, aka kore shi daga gasar.

Dalili shi ne ƙa'idar da ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Rashin sani na iya rage tsawon dakatarwa, amma ba ya dawo da sakamakon da aka soke.

A nan gida, citta da tafarnuwa da kanumfari da zuma da lemun tsami ba sa cikin jerin WADA. Haka ma sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi, an cire shi daga jerin tun 2004. Hatsarin yana cikin haɗe-haɗen kwalba da garin magani da ake sayarwa a tasha da kasuwa ba tare da bayanin abin da ke ciki ba. Wasu masu haɗawa sukan zuba maganin bature a ɓoye domin mai sha ya ji sauƙi nan take. Idan aka yi rashin sa'a abin da aka zuba dexamethasone ne ko tramadol, wanda aka hana tun Janairun 2024, dukansu haramun ne a lokacin gasa. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba ma ba shaida ba ce cewa maganin ya dace da dokar wasanni, domin aikin hukumomin biyu ya bambanta.

Don haka ya kamata ɗan wasa ya nuna wa likitan ƙungiyarsa kowane magani kafin ya sha, ya ajiye kwalinsa, kuma ya rubuta shi a takardar da ake cikewa yayin gwaji. WADA ta shawarci masu shan pseudoephedrine su dakata aƙalla sa'o'i 24 kafin gasa. Wanda rashin lafiya ta tilasta masa shan haramtaccen magani kuwa, sai ya nemi izini na musamman tun kafin ya shiga fili.